Aikin Kawu Mamman Ba Ya Yoyo

Sallama gare ku, jama'ar wannan zaure. Jiya wata baiwar Allah ta turo mini saƙo, ta ce, Baba Zaidu, ka cika zagaye-zagaye, ka auri Tamada ko ba ka aure ta ba, ka faɗa mana mu huta, data tana tsada. Ɗiyata, ki yi haƙuri. Wanda ya shekara talatin da ɗoriya yana zagaye magana guda ba zai miƙe a sati ɗaya ba. Amma tun da kin kawo zancen tsada, yau zan ba ku labarin yadda na taɓa yi wa wani dattijo tsimin kuɗin kallon talabijin.

Ga wanda bai san ni ba: a shekarar 1990, lokacin Yauri tana cikin Jihar Sakkwato, ni mai gyaran rediyo da talabijin ne a Yelwa. Shagona ɗan ƙarami ne a kan hanyar bakin ruwa. Shekarata ashirin da huɗu, ina da gashi a kai, ina da wando biyu. Tamada kuwa malamar firamare ce, ɗiyar Malam Hammadu dillalin banda, mai tara busasshen kifi daga ƙauyukan bakin tafki har Wara yana loda wa motocin kudu. Doguwa ce, ba ta da yawan dariya, amma in ta yi maka kallo ɗaya sai ka duba ko maɓallin rigarka ya cire.

Babu wayar hannu a lokacin. Wayarmu ita ce rediyon ubanta, wani baƙi mai batir huɗu wanda lafiyarsa ƙalau. Duk Laraba in ta taso daga makaranta sai ta biyo da shi shagona, ta ce ya fara shaƙewa. In buɗe gidan batir, in zare takardarta, in cusa tawa, in hure masa ƙura, in karɓi sule biyar na gyara. E, ina karɓa. Gaskiya na zo faɗa muku, ba yabo nake nema ba.

Takardunta gajeru ne, da jan biron da take yi wa ɗalibai maki. Ta farko da na ajiye cewa take: “Injiniya, jiya sau uku ka wuce ƙofar gidanmu. Ko hanyar ce ta lalace kake dubawa?” Nawa kuwa shafi biyu ne gaba da baya, har sai na danne murfin batir da gwiwa kafin ya rufe.

A unguwarsu akwai Alhaji Sahabi mai motocin haya. Shi ya kafa dish, wani ƙaton faranti na raga da ya fi rumfar mai shayi faɗi, yana kamo tashoshin ƙasashen waje. Ya ja waya daga ɗakinsa zuwa gidaje goma sha biyu, kowane gida naira hamsin a wata. Abin da Alhaji ya kunna, shi kowa zai kalla. In ya fita masallaci ya bar tashar Faransawa, unguwa duk sai ta yini tana jin Faransanci. Malam Hammadu yana cikin masu wayar. Yana gaya wa mutane don ganin Ka'aba ya ja ta. Tamada ta rubuta mini cewa kokawar Turawa ce, har yakan miƙe tsaye ya taya wanda aka kayar.

Amma naira hamsin ɗin nan tana ci masa rai. Mutum ne da ba ya barin ko kan tarwaɗa ya faɗi ƙasa, ga shi duk wata yana biyan kuɗin abin da ba a ci, ba a sha, ba a sayarwa. Mai zuwa karɓa kuwa Maliki ne, babban ɗan Alhaji, mai jan babur da shadda mai sitaci, littafin rasit kullum yana leƙowa daga aljihun gaban rigarsa. Da farko a tsaye yake karɓa. Daga baya aka fara shimfiɗa masa tabarma. Daga baya aka fara kawo fura. Kuma kada ku ce zan zage shi, yaro ne mai ladabi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Wata rana a ƙofar masallaci Alhaji Sahabi ya ce, cikin wasa, ai suruki ba ya biyan kuɗin waya. Kowa ya yi dariya. Aka ce ta Malam Hammadu ta fi ta kowa daɗewa.

Larabar da ta biyo baya na sami wannan a gidan batir:

“Injiniya, ni ba kuɗin kallo ba ce. Baba ba zai yi mini dole ba, amma ba zan yi ta ce masa a'a ba alhali babu wanda ya zo ya ce i. Ka turo manyanka kafin babbar Sallah. Goro kawai. Ba na neman komai.”

Inna, mahaifiyata, ita ma abin da take ta faɗa ke nan tun azumi. Ta sayi turmi biyu na atamfa ta ɓoye a ƙarƙashin gado cikin tsohuwar akwatin kwano, tana fito da su lokaci-lokaci ta shinshina ko asu ya shiga. Ta ce in ɗauki ƙanenta Kawu Mamman da limamin unguwarmu su je su kai goro, magana ta ƙare. Kuɗin ma ina da su, adashin shekara biyu na kwasa.

To ina matsalar? Matsalar tana sanye da wando biyu. Na kwanta na yi ta saƙawa: ta yaya mutanena za su zauna a tabarmar da mai jan babur ya ɗumama? Sai Shaiɗan ya zo mini da wata shawara mai kama da hankali. Alhaji yana cewa suruki ba ya biya. To ni zan yi wa Malam Hammadu nasa dish na kansa, ya daina biyan kowa har abada, ya kunna kokawarsa lokacin da ya ga dama. Daga nan in turo manya, kaina a sama.

Na wanke wandon da ya fi dama, na je zaurensa bayan la'asar. Na lura an shimfiɗa sabuwar tabarma, amma ban kawo komai a raina ba. Na gaishe shi, na yi masa bayanin tauraron ɗan'adam har da zane a ƙasa.

“Baba, in na yi maka naka, ba ka ƙara biyan ko kwabo.”

Ya daɗe yana kallona.

“Shi ke nan abin da ya kawo ka?”

“Shi ke nan, Baba.”

“To. Allah shi ba da sa'a.”

Na fito ina jin kaina kamar wanda ya ci zaɓe.

Na shiga jirgi na haye zuwa wajen wani ɗan kwangila da zai bar aiki a gefen madatsar ruwa, na sayi tsohuwar risibarsa, wato na'urar da ke kai wa talabijin hoto, da ƙahon da ake ɗaurawa a tsakiyar dish. Kuɗin aure duk suka tafi a nan, har da na jirgin dawowa. Saura farantin kansa. Ƙarfe da raga sun fi ƙarfina, sai na tuna ina da kawu.

Kawu Mamman masassaƙin jirgi ne a bakin ruwa, shekara arba'in yana yi. Gajere ne, hannunsa kamar icen ƙirya, kuma alfaharinsa a duniya guda ɗaya ne: ba a taɓa sa ƙwarya an kwashe ruwa daga sabon jirginsa ba. Masunta daga Shanga suke zuwa su jira shi wata uku. Na zana masa abin a kan yashi da igiya da tsinke. Ya zagaya zanen, ya ce wanga ai jirgi ne da ba shi da gaba ba shi da baya, amma zai yi saboda Inna.

Ya yi haƙarƙarin da katako, ya buge kwanon rufi ya shimfiɗa a ciki ya bi lanƙwasar da na zana, ko yatsa bai kauce ba. Sai na ga ya dafa kwalta, yana cusa tsumma a duk mahaɗa yana shafewa, yadda yake yi wa jirgi. Na ce masa Kawu, wannan ba ruwa zai shiga ba, ba sai an toshe ba. Ya tambaye ni ko koya masa aiki na zo yi. Na bar shi ya ci gaba.

Sati uku muna abu ɗaya. Inna ta daina yi mini magana, sai dai ta dangwarar da kwanon tuwo ta juya. Sau ɗaya ta buɗe baki, tana kallon bango, ta ce an aiki yaro neman mata ya tafi sassaƙa tasa. Tamada kuma ta rubuto: “Na ji labarin tasarka. Ban ce ka burge Baba ba. Sallah saura wata guda.” Na mayar mata da amsa shafi uku, har da zanen yadda hoto yake saukowa daga sama. Budurwa ta ce ka zo ka aure ta, ka aika mata da zane. Ku yi dariyarku, na riga ku.

Ranar kafawa masunta goma sha biyu suka ɗauko shi a kafaɗa, suna waƙar da suke yi in za a tura sabon jirgi ruwa. Sai da aka fasa gefen katanga kafin ya shiga gidan. Wuri ɗaya ne a tsakar gida da sama take a buɗe, jikin ɗakin da Malam Hammadu yake tara banda. Nan muka kafa bututun ƙarfe, muka ɗora. Tauraron da nake nema kusan a tsakar ka yake, don haka farantin ya kalli sama sosai, kamar tasar da aka ajiye a tari ruwa. Ban cika wauta ba, na san damina ce. Na hau tsani na huda ƙasansa, daidai inda ya fi zurfi, huda mai faɗin kwabo, don ruwa ya riƙa zurarewa. Kawu ya riga ya koma bakin ruwa a lokacin. Ban gaya masa ba, don na san halinsa.

Sannan na kunna.

Jama'a, ya yi. Da bai yi ba da abin ya zo mini da sauƙi. Hoto ya fito tar, ya fi na Alhaji Sahabi kyau, wasu ƙattan Turawa biyu suna shaƙe juna. Malam Hammadu ya manta da jama'a ya miƙe tsaye. Da hannunsa ya cire wayar Alhaji, ya naɗe ta da kyau, ya aika a mayar masa da godiya. Tamada ta wuce da tire, cikin koriyar atamfa mai zanen ganye, lalle ja a tafin hannunta, gyalen ya ɗan zame. Ba ta tsaya ba. Ta ce a hankali, “Sannu, Injiniya. Saura sha tara.”

Kwana tara na yi ina mutum. Mai shayi yana ƙara mini madara ban roƙa ba. Gidaje uku cikin na Alhaji suka aiko suna tambayar nawa zan yi musu. Na yi lissafi a raina cewa kafin Sallah zan karɓi kafin alƙalami, in sayi goro huhu guda, in ɗinka wando na uku.

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne wannan. A kwana na bakwai an yi ɗan yayyafi da rana, ruwa ya riƙa tsiyaya ta hudar da na yi, yadda ya kamata. Masu kawo wa Malam Hammadu kifi suka gani. Kafin magariba labari ya kai bakin ruwa. Suka sami Kawu yana fiƙe katako, suka ce Mamman, ashe tsufa ya zo, aikinka na can yana yoyo a gidan Hammadu, gari duk ya gani. Washegari da hantsi, Malam Hammadu yana kasuwa, Tamada tana makaranta, ni ina shago, ya ɗauki gwangwanin kwaltarsa ya yi sallama. Matan gida sun san shi ne mai aikin, suka ba shi tsani. Ya cusa tsumma a hudar, ya shafe da kwalta, ya buga ɗan kwano a kai da ƙusa takwas. Ya sauko ya sha ruwa ya tafi da zuciya fara.

Ranar Asabar ana ƙwallon duniya, Kamaru za ta buga da yamma. Zauren Malam Hammadu ya cika har waje. Ni ina gaba, kusa da risiba, ina taɓa maɓallan da ba sa bukatar taɓawa. Ana cikin wasa hadari ya taso daga wajen tafki, baƙi ƙirin, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Hoto ya fara yashi-yashi, ya ɗauke. Na ce wa jama'a su kwantar da hankali, ruwa ne, yana wucewa zai dawo. Muka zauna muna jira, kusan awa guda, ruwa bai sassauta ba.

Na leƙa tsakar gida ta ƙofar ciki. Indararo ko'ina yana zuba. Na duba ƙarƙashin dish, inda ya kamata in ga ruwa yana tsiyaya kamar famfo. Ƙasan farantin a bushe yake. Ban taɓa ganin aiki mai kyau da ya tsorata ni kamar wannan ba.

Ban kai ga tsani ba. Ƙasa ta riga ta jiƙe, a sama kuma akwai ruwan da ya kai ganga huɗu. Bututun ya fara sunkuyawa a hankali, kamar tsoho zai yi ruku'u. Bakin farantin ya sauka a kan rufin ɗakin banda, ya yage kwanon, bangon ƙasa ya bi shi, sannan ya juye duk abin da ya tara a ciki. Kayan mota guda ne a ɗakin, an ɗaure a kwanduna ana jiran lodin Litinin, kuma rabinsu na masunta ne da suka ba Malam Hammadu amana. Abin da ruwan dish ya bari, na sama ya ƙarasa. Kifin da aka yi wata biyu ana busarwa ya fito tsakar gida yana iyo.

Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Malam Hammadu ya shigo cikin ruwan ba hula. Ya sunkuya ya ɗauki kan giwan ruwa, ya juya shi, ya mayar inda ya ɗauka. Tamada tana tsaye a ƙofar ɗakin uwarta, ta rufe kai da gyale, tana kallona. Na so a ce fushi na gani a fuskarta.

Ruwa na tsayawa Kawu ya iso, don labari ya fi shi sauri. Ya zagaya farantin a kwance, yana shafa mahaɗa ɗaya bayan ɗaya.

“Ka gani ko? Turkenka ne ya faɗi. Nawa ko ɗigo bai zubar ba.”

“Kawu, hudar ni na yi ta.”

Ya dube ni, ya dubi ɗakin da ba rufi, ya dubi kifin. Sai ya zauna a cikin taɓo, dattijo mai shekara sittin da wani abu, ya ce shi dai bai taɓa sakin aiki da huda ba, bai san akwai abin da ake yi don ya yi yoyo ba. Wannan shi ne mutumin da zan tura neman aure.

Kwana uku ina taya su shanya abin da zai shanyu. Warin ya kai masallaci. Gidaje ukun nan ba su sake aikowa ba, mai shayi ya koma auna mini madara. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta fito da atamfofin nan biyu, ta kakkaɓe, ta ninke, ta mayar, ta tura akwatin can ƙuryar gado inda sai da sanda ake jawo ta.

Ranar Laraba, lokacin tashin makaranta, ina zaune ina kallon hanya duk da na san bai kamata ba. Rediyo ya zo. Malam Hammadu ne ya riƙo shi.

“Wanga karon da gaske ya lalace,” ya ce. “Cikin ɗakin banda yake.”

Na miƙe zan durƙusa, ya ce in zauna. Ya zauna a bencin masu jira, ya gaya mini, ba tare da ɗaga murya ba, cewa shekara guda ke nan yana ba da sule biyar duk Laraba don gyaran rediyon da ba ya ciwo, kuma shi ba yaro ba ne. Ya ce naira hamsin ta Alhaji tana yi masa zafi, amma sule biyar ɗin nan bai taɓa jin zafinta ba.

“Ran da ka zo zaurena, sabuwar tabarma na sa anka shimfiɗa. Na ɗauka magana ka kawo. Na tambaye ka, shi ke nan? Ka ce shi ke nan.”

Ya ce shekaranjiya Alhaji Sahabi ya aiko da bandir biyu na kwano a rufe ɗaki, ya kuma ce zai tsaya masa a gaban masunta. Jiya kuma manyan Maliki suka zo da goro. Bai ce musu i ba, bai ce a'a ba, ya shiga ya tambayi mai abin.

“Ban taɓa yi mata dole ba, ba ni farawa yau. Amsarta na ciki. Ban karanta ba.”

Ya ajiye sule biyar a kan tebur ya fita.

Na daɗe kafin in buɗe gidan batir. Tsatsa ta fara cin wayoyin. Takardar ƙarama ce, da jan biron nan.

“Zaidu. Na ce ka turo mutane, ka turo jirgi.”

Ba ta taɓa kirana da sunana ba sai ranar. A ƙasa ta fara rubuta “Sallah saura”, sai ta ja layi ɗaya ta soke, a miƙe, kamar da rula.

Na rufe shago, na kama hanyar unguwarsu da takardar a hannu. Ban san abin da zan ce ba, ban san wa zan ce wa ba. Aljihuna sule biyar ce ta ubanta. Ina shan kwanar gidan na hangi jan babur a jingine jikin katangar da muka fasa. Maliki yana kan tsani, ya naɗe hannun shaddarsa, yana mayar da wayar Alhaji ta saman zaure. Ya gan ni, ya sauko da mataki biyu, ya gaishe ni da ladabi, ya yi mini jaje. Har ya tambaye ni ko zan riƙe masa tsanin.

Na riƙe.

Daga nan ƙasa ina ganin aljihun gaban rigarsa sosai. Bai zo da littafin rasit ba.